Dube Ni, Ɗana

Yogyakarta,
tsakiyar azumi.

Mas Danar, mijina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na jirgi. Ya azumi a kan teku? Ƙafar nan taka har yanzu tana kumbura in ka daɗe a ɗakin inji? Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Na san ba za ka ga wannan ba sai jirginku ya tsaya a tasha kun samu intanet, don haka zan zuba maka komai a lokaci ɗaya, in ka ga dama ka karanta kana gyangyaɗi kamar yadda ka saba.

Babban labari shi ne mahaifinka ya yi magana. Yayarka Mbak Tutik ce ta kawo saƙon, don ka san Bapak ba ya faɗin abu da bakinsa in akwai bakin aro. Ya ce tunda Jalu zai gama makarantarsu bana, a kawo shi Klaten ranar Sallah ya ga natsuwarsa. In ya gamsu, zai zaunar da shi a rumfarsa ya koya masa yin kejin kurciya. Mas, ka san abin da wannan yake nufi. Ɗanmu ya shekara goma sha shida, makarantar yara masu galahanga ba ta riƙe kowa har abada, kuma babu mai shagon da zai ɗauki yaron da ke toshe kunne in babur ya wuce. Amma ka ba shi gora da samfefa ka gani, sai ka kira shi cin abinci sau uku bai ji ba. In Bapak ya karɓe shi, yana da sana'a, yana da wurin zama a cikin danginsa ko bayan ranmu. In bai karɓe shi ba, wallahi ban san inda zan nufa da shi ba.

To, ni ma ban zauna ba. Wasan kwamfutar nan da kake yi mini tsiya a kansa, kana cewa ana biyana albashi don in yi wasa, ya kai inda ake so. Bari in sake yi maka bayani, don na san wancan karon kai kawai kake gyaɗawa. Akwai wani dattijo a fuskar kwamfutar, abokin aikina Gilang ne ya zana shi, yara suka sa masa suna Pak Kumis saboda farin gashin bakinsa. Yaro zai gaishe shi, ya amsa, su yi 'yar hira. Kyamara tana bin idon yaron. In ya riƙe idon Pak Kumis, sai tauraro ya faɗo da ɗan ƙara mai daɗi. In ya ƙara daɗewa, taurari su ƙaru. In ya sunkuyar da kai, sai Pak Kumis ya ce, “Dube ni, ɗana.” Haka littattafan masana da gidauniyar da ke biyanmu ta turo mana suka tsara, mu kuma muka bi layi-layi.

A duk makarantun da ake gwada shi babu wanda ya kamo Jalu. Kuma ba a kwamfuta kaɗai abin ya tsaya ba. Ran nan ina zuba masa shinkafar sahur, ya ɗago ya dube ni cikin ido ya ce, “Na gode, Ibu.” Cikin ido, Mas! Tun da na haife shi ban taɓa ganin idonsa a kaina haka ba. Ashe irin naka ne, har da ɗan ja-jan nan na gefe. Na ajiye cokali na shiga banɗaki na yi kukana na fito. Yanzu kullum sai ya yi mini, ni kuwa kullum sai na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Na ƙara wa wasan wani mataki don shi kaɗai, na sungkem ɗin ranar Sallah: yadda zai rarrafa a kan gwiwa zuwa gaban babba, inda zai ɗora hannuwansa, da kalmomin neman gafara. Ya haddace tsaf, ya fi ka ma, da kake cinye rabin kalmomin a cikin zanen Bapak. Ka taya mu da addu'a.

Ka rage kofi, ka gaishe da mai dafa muku abinci.

Matarka,
Wening.

Yogyakarta,
washegarin Sallah.

Mas Danar,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. In na yi maka laifi a shekarar nan, na sani ko ban sani ba, ka yafe mini. Ni ma na yafe maka. Ina fata kun samu abin da ya yi kama da abincin Sallah a jirgin. Mu lafiyarmu ƙalau a jiki.

Abin bai yi ba. Gara in faɗa maka tun a sama.

Mun isa Klaten bayan idi, gida cike. Na sa wa Jalu abin toshe kunnensa har muka wuce masu buga knockout a bakin titi, ya shiga da natsuwarsa. Aka ci ketupat da opor, aka jera kujeru, Bapak ya zauna a tsakiya da hularsa. 'Ya'yan Mbak Tutik suka yi nasu, aka zo kan Jalu. Ya rarrafa daidai, ya ɗora hannuwansa a gwiwar kakansa, shi da ko ni ba kullum yake yarda in taɓa shi ba. Ya faɗi kalmomin nan bai ci ko ɗaya ba. Na ga gwaggwanninka suna taɓa juna. Bapak ya ɗora masa hannu a kafaɗa ya fara sa albarka.

Sai Jalu ya ɗago kai. Ya ƙura wa Bapak ido, ido cikin ido, fuska kusa da fuska, ko ƙiftawa ba ya yi. Bapak ya kau da kai, Jalu ya bi shi da kallo. Ya sake kaucewa, ya sake bin sa. Addu'ar ta tsaya a rabi. Ka san mahaifinka, in ransa ya ɓaci muryarsa ƙara laushi take. Ya janye hannunsa a hankali ya ce, “Wening, wannan da wa yake faɗa?” Ya miƙe, ya gyara zanensa, ya ce kurciya ba ta son mai tsaurin ido, ya fita wajen tsuntsayensa. Har muka taho bai sake shigowa ba.

A kicin Mbak Tutik ta tare ni. Ta ce, “Ke kam ƙanwata, ilimi ya yi miki yawa. Tun yaron nan yana ƙarami kansa a ƙasa yake, kamar wanda ya tashi a fada. Abin da Bapak yake yabonsa da shi ke nan, shi kaɗai. Ko bara sai da ya ce duk jikokinsa babu mai ladabin Jalu. Shi ne kika zauna kika gyara?” Na so in ba ta amsa, ka san bakina, amma me zan ce? Gaskiya ta faɗa, da gishirinta da barkononta. Garin gyaran gira na tsokane ido.

Abin da ya fi ba ni haushi, Mas, ni ce fa. Ni da har yau ban taɓa kallon tsakiyar idon Bapak ba. Ni da in ina magana da shugabar makarantar Jalu, tsintsiyar hannunta nake kallo. Na karanta a littafin mutanen wata ƙasa cewa yaron kirki yana kallon ido, na zauna wata da watanni ina ɗinka shi cikin wasa, ko sau ɗaya ban tambayi kaina idon wa ba.

A mota Jalu yana ta murza igiyar jakarsa. Can ya ɗauko maganar kakansa ya ce, “Na san Mbah ba kwamfuta ba ne. Amma da Pak Kumis ne, taurari biyar zan samu.” Na ce haka ne. Ya ce, “To me ya sa ya fita?” Na ce zan yi masa bayani in mun je gida. Har yanzu ban yi ba.

Ka kula da kanka.

Wening.

Yogyakarta,
bayan azumin sitta shawwal.

Mas,

Assalamu alaikum. Na ga amsarka, na gode Allah da kun isa tasha lafiya, na kuma ji ƙafa ta yi sauƙi. Mu ma lafiya.

Ka ce in bari sai ka dawo ka yi wa Bapak magana. Yaushe ke nan? Kafin jirginku ya juyo makaranta ta rufe, kuma Mbak Tutik ta riga ta yi mini hannunka-mai-sanda cewa ɗan maƙwabcinsu yana neman wurin. Ban da haka, kai da Bapak in kun zauna, maganar taba da farashin gora kuke yi har a kira sallah. Kada ka ji haushi, na san mijina.

Na yi wa Jalu bayanin. Na ce masa akwai waɗanda ake kallo a ido, akwai waɗanda ba a kallo, kuma kakansa yana cikin na biyu. Ya ce me ya sa Pak Kumis bai faɗa ba, alhali shi ma tsoho ne? Na ce don ni ce ban sa masa a baki ba. Sai ya faɗa mini abin da ya hana ni cin abinci ranar. Ya ce kallon ido zafi gare shi, kamar kallon wutar mai walda. Na ce tun yaushe? Ya ce tun farko. Na ce me ya hana ka faɗa? Ya ce ba a tambaye shi ba, kuma a wasan babu wurin da ake dannawa a ce da zafi. Wallahi babu, Mas. Ni na tsara maɓallan nan duka, na sani.

A ofis na ce a cire tauraron ido. Gilang ya dafe kai ya ce, “Mbak, to me za mu nuna wa gidauniya? Shi kaɗai ne abin da kyamara take iya aunawa. Natsuwa ba ta hawa jadawali.” Na ce to ya je ya ƙura wa surukinsa ido ya dawo ya ba ni labari. Ya yi dariya, amma bai yarda ba tukuna. Na kira wasu iyaye, wata uwa ta ce ai ita ma an kawo mata ƙarar 'yarta daga wajen karatun allo, ta yi shiru ne don ta ɗauka mu ne muka sani. Wannan rigimar ta ofis zan ji da ita. Ta Klaten ce take hana ni sukuni.

Ba zan iya yi wa Bapak gardama ba, ba a yi haka ba, kuma in na ce zan ba shi haƙuri zai ce ai babu komai, shi ke nan an rufe ƙofa da ladabi. Amma na yi wata dabara. Asabar za mu je ni da Jalu da kwamfutata. Ta inda aka hau ta nan ake sauka.

Matarka mai taurin kai,
Wening.

Yogyakarta,
Lahadi.

Mas Danar, mijina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, teku kuma ta kwanta muku. Ni da Jalu lafiya, Bapak ma lafiya, sai tarin nan nasa. Zauna ka ji yadda aka yi.

Mun same shi a rumfa da hantsi yana tsaga gora. Na kai masa taba da sukari, muka gaisa kamar babu abin da ya faru. Jalu ya tsaya a bakin rumfa yana kallon ƙasa, don na ce masa yau ƙasa za a kalla. Ban ambaci ranar Sallah ba. Na ce, “Bapak, wani aiki na yi na koya wa yara gaisuwa, ina so babba ya duba mini, don mu yaran yanzu ba mu san daidai ba.” Ka san shi da son a ce ya duba abu. Ya goge hannu, ya sa tabarau, na ɗora kwamfutar a kan bencinsa tsakanin kejin da ba a gama ba da gwangwanin gam.

Pak Kumis ya fito ya yi sallama. Bapak ya ga farin gashin baki, sai ya sunkuyar da kai ya amsa masa da cikakken ladabi, har yana tambayarsa iyali. Pak Kumis ya ce, “Dube ni, ɗana.” Bapak ya ɗago ya ce, “Wane ne ɗan nasa?” Na ciji leɓe. Na ce ai ƙa'idar ke nan, sai an riƙe idonsa tauraro yake faɗowa. Ya ce wannan ai ba wuya. Ya gyara zama ya dube shi, kafin ka ce kwabo idonsa ya zame ya koma kan maɓallin rigar mutumin. “Dube ni, ɗana.” Ya sake, ya sake zamewa. Ya ce tabarau ɗin ne, ya cire ya goge ya mayar. Ko tauraro ɗaya bai faɗo ba. Har gumi na gani a goshinsa, kuma ka san ba zai ce ya kasa a gaban surukarsa ba.

Ban san lokacin da Jalu ya matso ba. Ya tsaya gefen kakansa, idonsa a kan benci, ya ce da muryar nan tasa da ba ta hawa ba ta sauka, “Mbah, ba haka ake yi ba. Ka zaɓi ido ɗaya. Ka riƙe numfashi, ka matse yatsun ƙafarka, ka yi ta ƙirga a zuci. Zai yi zafi, amma yana ƙarewa.” Bapak ya ce, “Zafi?” Jalu ya ce, “Eh. Na kowa da zafi. Na Mbah na fi daɗewa don shi ne babba. An ce mutane suna jin daɗi in an yi musu.”

Bapak ya cire tabarau ya ninke. Ya sa hannu ya rufe kwamfutar da kansa, a hankali, kamar yana rufe keji. Can ya ce, ba da ni yake ba, ba kuma da Jalu ba, shi har mahaifinsa ya rasu bai san kalar idonsa ba, ƙafafunsa ya sani, da tabon da ke babban yatsansa. Sai ya jawo damin tsagaggiyar gora da samfefa ya tura gaban Jalu, ya matsa masa wuri a benci, ya nuna goran da babban yatsa ya ce, “A rumfar nan, nan ake kallo.” Jalu ya zauna ya ɗauki sanda ɗaya ya shafa ta, ya ce wannan tana da ƙaya a gefe. Bapak ya karɓa ya shafa ya ce, “Tana da ita.”

Na shiga cikin gida na bar su. Da na leƙo da azahar suna nan kafaɗa da kafaɗa, kowa kansa a ƙasa, babu mai ce wa wani uffan. Mbak Tutik ta leƙo ta bayana ta ce, “Ikon Allah, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ashe galahangar ma a gida aka gaje ta.” Na ce ta je ta faɗa wa Bapak da bakinta. Ta ce ita ba ta gaji da duniya ba.

Da za mu taho Bapak ya rako mu bakin hanya, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya ce in makaranta ta rufe a kawo kayan yaron, ɗakinka na da yana nan, amma a zo masa da abin toshe kunnensa saboda zarto. Sannan ya ce, “Wannan mai gashin bakin kuma, a koya masa ladabi.” Na ce to, Bapak. Gobe zan kai wa Gilang saƙon, in gidauniya ta ƙi, ruwanta.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa ban rubuto maka jiya ba. A hanya, mun tsaya a danja wajen Prambanan, Jalu ya ce, “Ibu, ke fa? Ke kina cikin waɗanda ake kallo, ko in daina?” Mas, ka san abin da kallon nan yake a wurina. Shekara goma sha shida ina jiransa. Ina jin shi ya sa ban ga abin da kowace 'yar ƙabilarmu ta Java za ta gani ba, ni nake son tauraron nan fiye da kowa. Na riƙe sitiyari, danja ta ba da hannu, na bayanmu suka fara hon. Na ce, “Nawa ma da zafi?” Ya ce, “Naki bai kai na sauran ba. Amma da shi.” Na ce masa, “To ka daina.”

Yau da safe na zuba masa shinkafa, ya dubi kwanon ya ce, “Na gode, Ibu.” Na amsa. Sai ya matso da kujerarsa har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya ci abincinsa a haka.

In ka dawo ba zai dube ka ba, kada ka ce ya dube ka. Ka zauna kusa da shi kawai. Ka taho masa da samfefa mai laushi in ka gani a can, ni kuma kada ka sake ka kawo mini wani turaren da ke sa ni atishawa.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Wening.